Abin da Inna Ke Sawa a Romo

Duk ranar Talata Sista takan zo gidanmu da jakarta da wata 'yar rula ta takarda, ta kwance bandejin da ke ƙwaurin Baba, ta wanke ciwon, ta auna faɗinsa. Nas ce a ƙaramin asibitin unguwarmu, gajeriyar mace mai saurin hannu da saurin baki. A Talata ta bakwai ta ɗora rular, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dube ni, ba Baba ba.

"Santimita shida," ta ce. "Makon jiya shida, wancan makon ma shida. Auta, me kike ba tsohon nan ne?"

Ni da nake dafa wa yara ɗari biyu abinci kullum a makarantar da nake aiki, su cinye har su lashe kwano, ni za a tambaya me nake ba ubana? Na ce mata komai ma ina ba shi, shi ne dai ba ya ci. Shayi da burodi da safe, farar shinkafa cokali huɗu da rana, da yamma ya ce ya ƙoshi.

Baba na zaune a kujerar da ya ƙera da hannunsa, ya miƙe ƙafar a kan ɗan benci, ya yi kunnen uwar shegu da mu kamar ƙafar maƙwabci ake magana a kai. Kafinta ne, shekararsa saba'in da uku. Shi ya hau tsani da kansa don ya toshe yoyon ɗaki, duk da na roƙe shi ya bari a kira yara masu ƙarfi, kwanon rufi ya tsarge masa ƙwauri. Tun daga ranar ciwon ya buɗe baki ya ƙi rufewa.

Sista ta juya wajensa. "Baba, bari in tambaye ka a matsayinka na kafinta. In aka kawo maka guduma da ƙusa da zarto, aka hana ka katako, aka ce ka haɗa ƙofa, me za ka haɗa?"

"Sai in haɗa kayana in koma gida," ya ce.

"To haka jikinka ya yi. Maganin da nake sa maka guduma ce da ƙusa. Katakon da jiki zai yi sabon nama da sabuwar fata da shi, a abinci yake. Ciwon nan ba datti ya hana shi warkewa ba, yunwa yake ji." Ta naɗe bandejin ta ɗaure. "Likita ya ce in faɗa muku gaskiya. In nan da mako uku bai fara tsukewa ba, za a kwantar da kai a babban asibiti a yi maka dashen fata."

Baba ya gyara zama. "Asibitin nan ya karɓi mutum ɗaya daga gidan nan. Ya ishe shi."

Wata takwas ke nan da Inna ta rasu a can, a gado na uku daga bakin taga. Na san halin Baba. In ya ce ba zai je ba, gara ƙafar ta ruɓe a jikinsa da a ɗauke shi, kuma abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Sista ta fara lissafa abin da zai gina masa jiki. Nama, ya nuna mata haƙoransa biyar da suka rage. Kifi, ya ce ƙaya. Wake, ya ce yana kumbura masa ciki. Ta ce to magana ta zo da sauƙi, ga ƙwai: ba tauna, ba ƙaya, farinsa da gwaiduwarsa duk abin gina jiki ne, ga sinadaran da ke taimaka wa jini da ido da ƙashi, guda ɗaya a rana tare da ganye da ɗan lemu zai yi aiki.

Baba ya ɗaga hannu ya nuna kicin. Na riga na san abin da yake nunawa.

A bayan ƙofar kabad ɗin kicin, wanda shi ya haɗa wa Inna, akwai wata takarda da aka maƙale da ƙananan ƙusoshi huɗu, ta yi ja don tsufa. Rubutun Inna ne. Shekara goma sha huɗu da suka wuce wani likita ya ce kitse ya yi wa Baba yawa a jini, ta dawo gida ta rubuta abubuwan da ba zai ƙara ci ba: soyayyen abu, kitsen nama, gishiri mai yawa, sai ƙwai a ƙarshe, ta ja masa layi biyu a ƙasa. Tun daga lokacin Baba ya mayar da abin tutiya. Duk abokin da ya zo hira sai ya ji cewa shi shekara kaza rabonsa da ƙwai, shi ya sa yake ɗaga katakon da samari biyu ke nishi a kansa.

Sista ta karanta takardar, ta yi murmushi. Ta ce wancan lokaci daban, yanzu daban, kuma likita ya duba jininsa watan jiya, ya ce ƙwai ɗaya a rana ba zai yi masa komai ba sai alheri.

"Wannan likitan naku," Baba ya ce, "lokacin da aka rubuta takardar nan ai bai gama firamare ba."

Washegari na sayo ƙwai a kanti, na dafa ɗaya, na ɓare, na yanka shi gida huɗu, na jera a faranti da yankan tumatir. Ya dube shi, ya ture farantin da bayan hannu. Na lallaɓa, na yi nasiha, na kawo maganar jikokinsa. Ko gezau. Can haƙurina ya ƙare, bakina ya riga hankalina, na ce, "Baba, Inna ta rasu. Takarda ba za ta dawo da ita ba."

Da ya yi min faɗa da na fi jin daɗi. Bai yi ba. Ya juyar da kai wajen taga, ya ce a hankali, "Na sani, Auta. Ina wurin." Na kwashe farantin na koma kicin, na cinye ƙwan a tsaye ina jin kunyar kaina.

Akwai abu ɗaya da Baba bai taɓa ƙi ba a zamanin Inna, wato romon da take yi masa kowace safiya. Ba wani abin a zo a gani ba ne: dankalin turawa, karas, albasa, ɗan alayyahu, a dafa su yi laushi a murƙushe. Tun da na dawo gidan da zama bayan rasuwarta nake yi masa shi. Na canza tukunya, na rage ruwa, na ƙara albasa, har ludayinta na katako na nemo. Kullum zai kai cokali biyu, ya ce, "Ba laifi, Allah Ya yi albarka," ya ajiye. Wannan "ba laifi" ta fi zagi ciwo ga mai dafa abinci. Na Inna yana da kauri da santsi, yana kama bayan cokali. Nawa ruwa ne da kayan lambu suna iyo a ciki.

Na taɓa zazzage kabad ɗin nan gaba ɗaya ko zan samu wani ƙullin kayan ƙamshi da ta ɓoye. Ban samu komai ba sai tsofaffin murafen kwalba, da wani ɗan katako mai ramuka a can bayan durowar ƙasa, wanda na ɗauka abin wasan yara ne na mayar da shi inda yake.

Ranar Asabar ina dawowa daga kasuwa na yanke ta lungun baya don in guje wa rana. Sai na ji ana kira, "Ke 'yar kafinta! Haka ake yi, a wuce mutane ba gaisuwa?" Gwaggo mai ƙwai ce, wata dattijuwa da ke kiwon kaji a bayan gidanta, tana zaune a bakin ƙofa tana goge ƙwai da busasshen tsumma tana jerawa a kiret. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi ƙafar Baba, na kwashe komai na faɗa mata, har da rula da mako uku da takardar Inna.

Gwaggo ta ajiye tsumman. Ta dube ni, ta dubi sama, sai ta fashe da dariya har tana dafe ƙirji, sannan dariyar ta koma share ido da gefen mayafi.

"Allah Ya jiƙan Innarki," ta ce. "Ashe ba ta faɗa miki ba? Ni dai na ga tun da ta tafi ba wanda ya zo karɓar ƙwan Babanku, na ce ko kun canza wuri ne."

"Wane ƙwan Baba, Gwaggo? Baba ba ya cin ƙwai."

"Zauna, 'yar nan, kar ki faɗi."

Na zauna a kan wani juyayyen bokiti. Ta ce shekara biyu kacal Baba ya yi ba ƙwai. Daga baya ya fara ramewa, aiki na ba shi wahala, Inna ta koma wajen likita ita kaɗai, ya ce ai jinin ya daidaita, a ba shi ɗaya a rana, a dai ci gaba da kiyaye soye-soye da gishiri. Amma a lokacin Baba ya riga ya cika unguwa da labarin ƙaurace wa ƙwai. Inna ta ce in ta sa shi ya lashe amansa a gaban abokansa, to ko ƙwan zinariya ne ba zai haɗiye ba. Sai ta riƙa zuwa duk bayan kwana goma sha biyu tana karɓar dozin ɗaya, ta rufe da ganyen alayyahu a kwando.

"Shekara goma sha biyu Babanku yana shan ƙwai kowace safiya," in ji Gwaggo, "yana fita yana yi wa mutane wa'azin illarsa."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ce amma ai in aka fasa ƙwai a romo mai zafi dunƙulewa yake, ya yi zare-zare, ko makaho ya gane.

"Ku masu manyan tukwane ke nan, komai a gurguje," ta ce. "Ki sauke tukunya daga wuta tukuna. Ki fasa ƙwan a kwano daban, ki kaɗa shi sosai. Sai ki ɗebo romon a ludayi ki riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, kar hannunki ya tsaya, har ya saba da zafin. In kwanon ya yi ɗumi sai ki juye a tukunya kina motsawa, ki mayar kan ƙaramar wuta ya dahu ba tare da ya tafasa ba. Ƙwai irin Babanku ne, in kika zo masa da zafi gaba ɗaya sai ya ƙanƙame." Ta zaɓo goma sha biyu masu kyau ta sa min a kwando, ta ce in yafa alayyahun a kai yadda aka saba.

Ranar farko gaggawa ta ci ni. Na zuba ludayi guda a lokaci ɗaya, ƙwan ya dunƙule, ni na shanye romon a kicin da ƙofa a rufe, na kai wa Baba shayinsa. Rana ta biyu na nutsu. Na yi ta ɗiga ina kaɗawa har kafaɗata ta gaji, na juye, na motsa. Ina kallo romon ya canza launi, ya yi kauri, ya kama bayan ludayin katakon nan. Ƙamshin da ya taso ya mayar da ni 'yar makaranta mai jiran a ɗaure mata takalmi.

Na kai masa na ajiye, na koma bakin ƙofa ina yi kamar ina ninke tsumma. Ya kai cokali na farko. Ya tsaya. Ya daɗe riƙe da cokalin a sama yana kallon kwanon. Na ce a raina shi ke nan, asirina ya tonu. Sai ya kai na biyu, na uku, har na ji cokali yana kankarar gindin kwano.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Akwai saura?"

Na ce akwai. Na shiga kicin na yi kukan da ban samu damar yi ba tun ranar da muka dawo daga asibiti ba Inna, sannan na wanke fuska na zubo masa.

Daga nan ci ya buɗe. Wanda ya sha romo da safe sai ga shi da rana yana tambayar me aka dafa. Na bi shawarar Sista, domin ta ja min kunne cewa ƙwai shi kaɗai ba ya gina mutum: na riƙa jiƙa wake in cire ɓawonsa in murƙushe, in tsince masa ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, in matse lemu, in ƙara ganye. Ni kuwa na zama ɓarauniya a gidan ubana. Ƙwan na ɓoye shi a bayan manyan tukwane cikin tsumma, ɓawon kuma in ƙulle a leda in sa a jakata in zubar a wurin aiki. Wata safiya ina jawo tukunya ɗaya ya gangaro ya faɗi ƙasa, fas! Na yi tsit ina saurare. Daga falo na ji Baba ya yi gyaran murya, ya ƙara ƙarar rediyo. Na goge wurin da sauri ina gode wa Allah da kunnen tsufa.

Talata ta farko bayan fara romon, rula ta nuna biyar da rabi. Sista ta ce kar mu yi saurin murna. Ta biyu ta nuna huɗu, gefen ciwon ya yi ja mai kyau, ta kira ni ta nuna min sabon naman da ke tasowa. A Talata ta uku, ranar da wa'adin likita ya cika, Sista ta iso da jakarta. Ta kwance bandejin, ta wanke, ta ɗora rular, ta sake ɗorawa ta ɗaya gefen.

"Biyu da rabi," ta ce. "Baba, ka tsira. Ba kwanciya, ba dashe. In aka ci gaba a haka, nan da 'yan makonni sai tabo." Ta dube mu tana murmushi. "Me kuka canza ne a gidan nan?"

Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni. "Ba komai. Romo ne kawai irin na mai ɗakina. Ni dai kin san ba na cin ƙwai."

Sista ta kalle ni ta wutsiyar ido, na kalli silin. Ta ce to Allah Ya ƙara wa romo albarka, ta haɗa jakarta. Na raka ta har bakin titi, na riƙe hannunta da hannu biyu ina godiya har ta ce in sake ta, wasu ƙafafun na jiran ta. A hanyar dawowa na yi niyyar da yamma in je in gaishe da Gwaggo in kai mata labari. Inna kuwa ban san ta inda zan fara gode mata ba, sai addu'a.

Na shigo na tarar da Baba yana shafa sabon bandejin. Na wuce zan shiga kicin ya kira ni.

"Auta, bayan tukwane ba wurin ajiya ba ne. Abu mai gangara ba a sa shi a kan katako mai santsi."

Na tsaya cak.

"Ki jawo durowar ƙasa gaba ɗaya. Akwai katako a baya mai ramuka goma sha biyu. Ki wanke shi ki yi amfani da shi."

Na juyo a hankali. "Baba, wannan katakon..."

"Ni na sassaƙa shi. A watan farko uku ta fasa, ina jin ta tana gogewa tana salati ƙasa-ƙasa. Sai na auna, na yi shi a shago, na sa mata a wurin ranar da ta tafi kasuwa." Ya ɗan yi murmushi. "Da ta gani ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Washegari dai romon ya fi na kullum yawa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "To Baba, tun da ka sani, me ya sa ka bari har ƙafarka ta kusa kai ka asibiti? Kalma ɗaya kawai za ka faɗa min. Na kawo maka shi a faranti ka ture."

Ya kau da kai. Yana kallon ƙofar kicin, inda ake hango gefen takardar nan ta cikin kabad da na bari a buɗe.

"Ba ƙwan na ƙi ba, Auta," ya ce. "Mai ɓoye min shi ce babu."

Ya ɗora tafin hannunsa mai kaushi a kaina, abin da rabonsa da yi tun ina ƙarama. "Yanzu kuwa akwai. Allah Ya yi miki albarka. Takardar kuma ki bar ta inda take."

Na tashi na shiga kicin, na jawo durowar har ƙarshe, na ciro katakon. Sai a lokacin na lura da yadda aka goge kowane rami ya yi sumul, ba inda zai karce ɓawo. Na wanke shi, na shanya a taga ya bushe, na kwaso ƙwai shida da suka rage daga dozin na biyu a bayan tukwane na jera. Kowanne ya zauna daram a raminsa.